Neman wa yaro fasfo kafin tafiyar jirgin ruwa a Amurka

A kowace shekara miliyoyin mutane a Amurka kan shiga manyan jiragen ruwa na shaƙatawa tare da iyalansu, domin yin hutu a tsibiran Karibiyan da gaɓar tekun Meziko da kuma Alaska. Sai dai akwai iyalan da tafiyarsu kan ƙare tun a bakin tasha, saboda yaro guda a cikinsu ba shi da takardun da ake buƙata.

Abin da kan zo wa iyaye da yawa a ba-zata shi ne, samar wa jariri fasfo ya fi sabunta na babban mutum wuya. Baligi yana iya aika tsohon fasfonsa ta gidan waya ya zauna a gida ya jira sabo. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa sai an kai shi gaban jami'i, kuma sai uwa da uba duka sun amince.

Sau da yawa a nan ne lokaci kan ƙure wa iyaye, tun kafin takardun su isa hannun gwamnati.

Wace irin tafiya ce?

Jirgin ruwan shaƙatawa tamkar otal ne a kan teku. Fasinja kan biya kuɗin ɗaki da abinci, jirgin kuma ya riƙa yada zango a tashoshi daban-daban, galibi na tsawon kwana 3 zuwa mako guda ko fiye.

Alkaluman ƙungiyar kamfanonin da ke wannan harka sun nuna cewa mutane miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya a shekarar 2023, kuma fiye da rabinsu daga yankin Arewacin Amurka suka fito. Jihar Florida ce cibiyar harkar, inda tashoshin Miami da Port Canaveral ke kan gaba. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600.

Kusan dukkan waɗannan jirage kan shiga wata ƙasa. Dalili kuwa shi ne wata dokar Amurka ta shekarar 1886, wadda ta taƙaita wa jiragen da aka yi wa rajista a ƙasashen waje jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka, kuma yawancin jiragen shaƙatawar a waje aka yi musu rajista. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Seattle zuwa Alaska, wadda jiha ce ta Amurka, kan ratsa ta tsaya a birnin Victoria na Kanada. Ke nan ko da hutun na kwana 3 ne, batun tsallaka iyaka yana nan.

Kowa da nasa fasfo

A da, ƙasashe da dama kan rubuta sunayen yara a cikin fasfon uwa ko uba. An yi watsi da wannan tsari sannu a hankali, bisa shawarar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya cewa kowane matafiyi ya riƙe fasfonsa na kansa.

Birtaniya ta daina saka yara a fasfon iyaye a watan Oktoban 1998. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun wajabta wa kowane yaro nasa fasfon daga ranar 26 ga watan Yunin 2012.

A Amurka ma haka abin yake, ko da jaririn kwanansa 7 a duniya. Fasfon wanda bai kai shekara 16 ba yana aiki ne na shekara 5 kacal, saɓanin na manya da ke yin shekara 10, saboda kamannin yaro kan sauya da sauri.

Haka kuma ba a sabunta shi ta gidan waya ko ta intanet. Duk lokacin da ya ƙare, sai an sake bin matakan daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Yaron da aka yi wa fasfo yana ɗan shekara 1 zai buƙaci sabo yana da shekara 6, sannan kuma yana da 11. Iyaye da dama da nasu fasfon ke da sauran shekaru kan manta da wannan, sai tafiya ta ƙarato su tarar na yaron ya riga ya mutu.

Me ya sa sai iyaye biyu?

Dokar da ta wajabta amincewar uwa da uba ta fara aiki ne a watan Yulin 2001, kuma da farko ta shafi yaran da ba su kai shekara 14 ba. A ranar 1 ga watan Fabrairun 2008 aka ɗaga shekarun zuwa 16.

Manufarta ita ce hana ɗaya daga cikin iyaye ficewa da yaro daga ƙasar ba da sanin ɗayan ba, abin da kan faru idan aure ya mutu ana kuma jayayya a kan riƙon 'ya'ya. Amurka na cikin ƙasashen da ke aiki da yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da irin waɗannan yara, kuma wata dokar ƙasar ta 1993 ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 3 ga wanda ya aikata hakan.

Har ila yau, ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wadda ita ce ke ba da fasfo, tana da wani shiri da uwa ko uba ke iya saka sunan ɗansu, ta yadda za a sanar da su idan wani ya nemar masa fasfo.

Wannan ya sa jami'an ba sa sassautawa don kawai jirgi zai tashi gobe. Tikitin hutu ba ya cikin dalilan da ke sa a kau da kai daga sharaɗin.

Idan ɗaya ba ya nan fa?

Hanya mafi sauƙi ita ce uwa da uba su je tare da yaron, kowa da katin shaidarsa. Idan ɗaya ba zai samu zuwa ba, sai ya cike fom mai lamba DS-3053, ya sa hannu a gaban jami'in da hukuma ta ba izinin shaida sa hannu da buga hatimi, sannan ya haɗa da kwafin katin shaidar da ya nuna wa jami'in, gaba da baya.

Wannan takarda tana da wa'adi. Idan ta wuce kwana 90 da buga mata hatimi ba a miƙa ta ba, sai an yi sabuwa.

A nan akwai abin da ya shafi iyalai 'yan asalin Afirka ta Yamma mazauna Amurka. Ma'aikatar harkokin wajen ta ware wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Kamaru, inda ba ta karɓar hatimin jami'an cikin gida a kan wannan fom. Uban da ke Kano ko Kaduna a lokacin da ake nemar wa ɗansa fasfo a Amurka, sai ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Legas, ya sa hannu a can. Samun ranar ganawa a ofishin da kuma aika takardar zuwa Amurka kan ci lokacin da ba ya cikin lissafin iyalin tun da farko.

Wanda ke da ikon riƙon yaro shi kaɗai yana iya nema ba tare da ɗayan ba, amma sai ya kawo hujja. Hujjar na iya zama hukuncin kotu da ya ba shi riƙon, ko takardar shaidar rasuwar ɗayan, ko kuma takardar haihuwa mai ɗauke da sunansa shi kaɗai.

Idan kuma an nemi ɗayan an rasa, akwai fom DS-5525, inda ake bayyana duk ƙoƙarin da aka yi wajen gano shi. Cike wannan fom ba tabbaci ba ne cewa fasfo zai fito, domin jami'ai ne ke duba kowane lamari su yanke hukunci, kuma suna iya neman ƙarin hujja. Idan uban ko uwar na nan amma ya ƙi sa hannu, galibi mafita ita ce a garzaya kotu.

Matasa 'yan shekara 16 da 17 suna da nasu tsarin. Fasfonsu na shekara 10 ne, kuma ya wadatar a nuna cewa ɗaya daga cikin iyaye ya san da maganar.

Takardun da ake buƙata

Fom ɗin neman fasfon shi ne DS-11. Ana cike shi a gida, amma ba a sa masa hannu sai a gaban jami'in da zai karɓa. Ana kuma buƙatar lambar shaidar jin daɗin jama'a ta yaron, idan yana da ita.

Babbar takarda ita ce shaidar haihuwa, domin aiki biyu take yi: tana tabbatar da cewa yaron ɗan ƙasa ne, tana kuma nuna su wane ne iyayensa. Dole ta fito daga hukumar rajistar haihuwa ta jiha ko gunduma ko birni, da hatimi da sa hannun magatakarda. Tun daga watan Afrilun 2011 kuma dole ta ƙunshi cikakkun sunayen iyaye.

Takardar ƙawa da wasu asibitoci ke ba mai jego, wadda akan buga sawun ƙafar jariri a kanta, ba ta cikin waɗanda ake karɓa. Haka nan duk takardar haihuwar da aka bayar a Puerto Rico kafin ranar 1 ga watan Yulin 2010 an soke ta.

Yaron da aka haifa a wajen Amurka amma ya gaji zama ɗan ƙasa ta wajen uwa ko uba, yakan yi amfani da takardar rajistar haihuwa da ofishin jakadanci ya ba shi. Duk takardar da ba da Turancin Ingilishi take ba, kamar wadda aka rubuta da Faransanci ko Larabci, sai an haɗa ta da fassara.

Wani abin lura shi ne sunaye. Idan sunan uwa a katin shaidarta ya bambanta da wanda ke takardar haihuwar yaron, misali saboda ta koma amfani da sunan miji, sai ta kawo takardar aure ko ta kotu. Suna kamar Muhammad, wanda ake rubuta shi ta hanyoyi da yawa, ya kamata ya zama iri ɗaya a takardar haihuwa da fasfo da kuma tikitin jirgin.

Ana miƙa takardun ne a wurare sama da 7,000 da ke faɗin ƙasar, yawancinsu gidajen waya da ɗakunan karatu na jama'a da ofisoshin akawun kotu. Da yawa daga cikinsu ba sa karɓar kowa sai wanda ya nemi lokaci tun da wuri.

Hoto

Hoton da bai dace ba yana cikin manyan dalilan da ke sa a dakatar da aikin fasfo. Ana buƙatar hoto mai launi guda ɗaya, inci 2 a tsaye da inci 2 a kwance, wanda aka ɗauka cikin watanni 6 da suka gabata, bayansa fari. Tun daga watan Nuwamban 2016 an hana sanya tabarau a hoton.

Ga jariri, akan kwantar da shi rigingine a kan farin zani a ɗauke shi ta sama. Kada hannun mai riƙe da shi ya fito, kada kuma a ga abin tsotso a bakinsa. An yi wa jarirai sassauci idan idanunsu ba su buɗe sosai ba, amma sauran yara dole idanunsu su kasance a buɗe.

An yarda yarinya ta sanya hijabi ko ɗankwali saboda addini, muddin fuskarta ta fito gaba ɗaya babu inuwa, kuma an haɗa da 'yar takarda mai sa hannu da ke bayyana cewa suturar ta addini ce da take sanyawa a kullum.

Kuɗi

A shekarar 2025 kuɗin littafin fasfo na yaro dala 100 ne, farashin da aka tsayar tun watan Disamban 2021. Akwai kuma dala 35 da ake biyan wurin da ya karɓi takardun. Ana biyan kuɗaɗen biyu ne daban-daban. Mai son a gaggauta masa aiki zai ƙara dala 60.

Akwai kuma katin fasfo, wanda aka fara bayarwa a 2008, kuma na yara dala 15 ne. Arahar tasa kan ja hankalin iyaye, amma amfaninsa taƙaitacce ne. Ana shiga Amurka da shi ne ta ƙasa ko ta ruwa daga Kanada da Meziko da Bamuda da ƙasashen Karibiyan kawai. Ba a hawa jirgin sama zuwa wata ƙasa da shi, ba a kuma dawowa da shi ta sama.

Lissafin lokaci

Daga watan Oktoban 2024 ma'aikatar harkokin wajen ta ce aikin fasfo na yau da kullum yana ɗaukar mako 4 zuwa 6, na gaggawa kuma mako 2 zuwa 3.

Sai dai wannan lissafi yana farawa ne daga ranar da takardun suka isa ofishin fasfo, ba ranar da aka miƙa su a gidan waya ba. Zuwansu kan iya cin har mako 2, dawowar fasfon ma haka. Ke nan abin da aka ce mako 6 yana iya kaiwa mako 10, na mako 3 kuma ya kai 7. A kan wannan za a ɗora kwanakin neman takardar haihuwa, da jiran ranar ganawa, da kuma samun sa hannun uwa ko uban da ba ya nan.

Waɗannan alkaluma ma ba su da tabbas, domin sun sha sauyawa. A ranar 23 ga watan Janairun 2007 Amurka ta wajabta fasfo ga 'yan ƙasarta masu dawowa ta sama daga Kanada da Meziko da Karibiyan. Masu nema suka yi wa ofisoshin yawa, har ta kai gwamnati ta sassauta dokar na ɗan lokaci a watan Yunin shekarar.

An sake shiga irin wannan hali a 2023, lokacin da jama'a suka koma tafiye-tafiye bayan annobar korona. Aikin yau da kullum ya kai mako 10 zuwa 13, na gaggawa kuma mako 7 zuwa 9. A shekarar kuɗi ta 2023 ma'aikatar ta ba da littattafai da katunan fasfo sama da miliyan 24.

Birtaniya ma ta ga irin nata a bazarar 1999, 'yan watanni bayan wajabta wa yara fasfo, inda takardun da ke jiran aiki suka haura 500,000, bayan sabon tsarin kwamfutar da aka kawo ya kasa ɗaukar nauyin.

An fi samun cunkoso ne daga ƙarshen hunturu zuwa lokacin zafi, wato daidai lokacin da iyalai ke shirin hutun makarantu. Watannin ƙarshen shekara sun fi sauƙi.

Idan lokaci ya ƙure

Wanda ya riga ya miƙa takardu ta hanyar yau da kullum yana iya buga waya cibiyar bayanai ta fasfo ya nemi a mayar da aikinsa na gaggawa, ya biya dala 60 ɗin. Ana kuma iya biyan ƙarin kuɗi domin a aiko da fasfon da sauri bayan an buga shi.

Idan kuma saura kwana 14 ko ƙasa da haka a yi tafiyar, ana iya neman ganawa a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin fasfo na gwamnati, waɗanda ke birane kamar New York da Chicago da Houston da Miami. Ga mai buƙatar biza a cikin fasfon, wa'adin kwana 28 ne. Sai an kawo shaidar tafiya, kamar tikitin jirgin. A nan akan sami fasfo cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ma a ranar.

Amma guraben ba su da yawa, babu kuma tabbacin samu. A 2023 akwai iyalan da suka riƙa hawa jirgin sama zuwa wata jiha mai nisa domin a can ne kaɗai suka sami gurbi. Kuma duk sharuɗɗan da aka ambata suna nan: yaron ya bayyana, iyaye biyu su amince.

Wata hanyar da Amurkawa kan bi ita ce tuntuɓar ofishin ɗan majalisar dokokin da ke wakiltar mazaɓarsu, domin ofisoshin suna da ma'aikatan da ke bin diddigin irin waɗannan koke-koke a hukumomin gwamnati.

Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke kai takardu su karɓo fasfo a madadin mutum, a kan kuɗi mai tsoka. Ma'aikatar harkokin wajen ta bayyana cewa ba sa samun fasfo da sauri fiye da wanda ya je babban ofishin da kansa, kuma ba sa ɗauke wa yaro bayyana a gaban jami'i.

Tafiya ba tare da fasfo ba

Akwai sassauci guda da iyaye da yawa ke dogaro da shi. Bayan hare-haren ranar 11 ga watan Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata doka a 2004 da ta tsaurara shiga ƙasar daga maƙwabta. Ɓangaren da ya shafi hanyoyin ƙasa da na ruwa ya fara aiki ne a ranar 1 ga watan Yunin 2009.

Amma an keɓe tafiyar jirgin ruwan da ta fara a wata tashar Amurka ta kuma ƙare a wannan tashar, matuƙar ba ta fita daga yankin nahiyoyin Amurka ba. A irin wannan tafiya, ɗan ƙasa yana iya dawowa gida da takardar haihuwa da katin shaida mai hoto. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa takardar haihuwar kaɗai ta isa.

Jirgin da ya tashi daga Miami ya je Bahamas ya dawo Miami ya shiga wannan rukuni. Wanda ya tashi daga Miami ya ƙare a Los Angeles ta mashigin Panama bai shiga ba. Haka ma tafiyar Alaska da ke farawa daga Vancouver a Kanada, da duk wata tafiya ta Turai.

Sannan sassaucin na komawa Amurka ne kawai. Ƙasar da jirgin zai yada zango tana da ikon neman fasfo, kamfanin jirgin ma yana iya gindaya nasa sharaɗin, kuma wasu kamfanonin ba sa ɗaukar kowa sai mai fasfo.

A nan akwai wani tarko. Lokacin neman fasfo, ana tafiya da ainihin takardar haihuwar yaron tare da fom, kuma akan mayar da ita ne a wata wasiƙa daban, wadda ka iya zuwa makonni bayan fasfon. Iyalin da ya miƙa takardarsa guda ɗaya tilo, kuma fasfon ya makara, zai wayi gari ranar tafiya ba fasfo ba takardar haihuwa. Shi ya sa akan shawarci iyaye su nemi tabbatattun kwafi biyu daga hukumar rajista, su miƙa ɗaya su ajiye ɗaya.

Ina haɗarin yake?

Duk da sassaucin, ma'aikatar harkokin wajen Amurka na ba duk mai shiga jirgin ruwa shawarar ya riƙe littafin fasfo. Dalili shi ne, wanda ya fita ta ruwa ba lallai ne ya dawo ta ruwa ba.

Idan yaro ya kamu da rashin lafiya aka sauke shi a wani tsibiri domin kai shi asibiti, jirgin ba ya jira. Haka idan iyali suka makara wajen komawa daga yawo a gari, ko aka yi rasuwa a gida. Hanyar komawa ita ce jirgin sama, shi kuwa ba a hawansa zuwa Amurka sai da littafin fasfo.

A irin wannan hali sai an nemi fasfon wucin gadi a ofishin jakadancin Amurka, kuma ba kowane tsibiri ke da shi ba. Ofishin da ke Bridgetown a Barbados ne ke kula da ƙasashe kamar Saint Lucia da Dominica da Saint Kitts da Nevis. Batun amincewar iyaye biyu ma kan sake tasowa a can.

Abin da ya faru a watan Fabrairun 2013 ya nuna yadda lamarin kan kasance. Gobara ta tashi a ɗakin injin jirgin Carnival Triumph, wanda ya taso daga Galveston a jihar Texas da mutane sama da 4,000, ya tsaya cik a tekun Meziko. Da farko an shirya jan shi zuwa tashar Progreso ta Meziko, daga bisani aka karkata zuwa Mobile a jihar Alabama bayan igiyar ruwa ta tura shi arewa. Kamfanin ya bayyana cewa hakan zai kuma sauƙaƙa wa fasinjoji kimanin 900 da ba su da fasfo komawa gida. Jirgin ya isa Mobile ne bayan kwana 4.

Yaran da ba 'yan Amurka ba

Sassaucin takardar haihuwa na 'yan ƙasa ne kawai. A gidaje da yawa na baƙi mazauna Amurka, akan sami ƙananan yara 'yan ƙasa, yayyensu kuma da aka haifa a gida suna riƙe da katin izinin zama na dindindin da ake kira Green Card.

Irin wannan yaro yana komawa Amurka da katinsa, amma ƙasashen da jirgin zai tsaya suna kallonsa ne a matsayin ɗan ƙasarsa ta asali. Saboda haka yakan buƙaci fasfon ƙasar, wani lokaci har da biza, ko da iyalin ba su da niyyar sauka daga jirgin. 'Yan Najeriya kan nemi fasfo ne ta ofishin jakadancin ƙasar a Washington ko ƙananan ofisoshin da ke New York da Atlanta, kuma hanyoyin gaggawa na gwamnatin Amurka ba su shafe su ba.

Ranar shiga jirgi

Samun fasfon ba shi ne ƙarshen magana ba. Ƙasashe da kamfanoni da dama na son ya kasance da sauran aƙalla watanni 6 kafin ya ƙare, a lissafa daga ranar dawowa. Wannan ya sa fasfon yaro na shekara 5 kan yi aiki ne na shekara 4 da rabi a zahiri.

Fasfon ƙaramin yaro kuma uwa ko uba ne ke cike masa gurbin sa hannu: a rubuta sunan yaron, mai rubutun ya sa hannu, ya kuma nuna dangantakarsa da shi.

Idan yaro zai yi tafiya da ɗaya daga cikin iyayensa, ko da kaka ko kawu, hukumar kwastam da tsaron iyakoki ta Amurka na ba da shawarar a riƙe wasiƙar amincewa mai hatimi daga wanda ba ya cikin tafiyar. Wasu kamfanonin ma sun wajabta ta idan babu ko ɗaya daga cikin iyayen.

Manyan kamfanonin kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba a ranar tashi, ko wata 12 idan tafiyar ta tsallaka tekun Atlantika ce.

Wanda aka hana shiga jirgi saboda rashin cikakkun takardu, bisa ƙa'idar kamfanonin ba a mayar masa da kuɗinsa, kuma inshorar tafiya ba ta cika biyan irin wannan asara ba. Wannan ne ya sa wakilan tafiye-tafiye kan shawarci iyaye su fara duba fasfon yara kafin su biya kuɗin tikiti.